Tumatir a Filin Masana'anta

"An ce in tuge su duka," in ji maigadin, idonsa a ƙasa.

Mai Lambu ya ajiye fartanya, ya dubi tumatirinsa da ya fara nuna. Shekara uku ke nan da hukumar birni ta saye lambunsa, ta sayar wa wani kamfani da arha don ya kafa masana'anta. An yi alkawarin kowane gida za a ɗauki mutum ɗaya aiki. Saboda wannan ya dangwala yatsa a takarda, ko ciniki bai tsaya yi ba.

Masana'anta shiru. Allo kawai aka kafa, har fentinsa ya koɗe. Da tsohon ya gaji da ganin ciyawa tana cin ƙasar ubansa, sai ya riƙa shiga ta ɓular waya yana shuka.

"Ka ba ni mako biyu mana, in tsinke."

"Manaja zai zo gobe. Ya ce in ya ga ko ganye ɗaya, a bakin aikina."

Duk unguwar, gadin nan ne kaɗai aikin da kamfanin ya samar. Mai Lambu ya sunkuya, ya kama tushen farko, ya finciko shi har saiwa.

"Baba, bari ni in yi," maigadin ya ce.

"Matsa, Auta. Koma bakin ƙofa, kada a ce ka bar aiki. Don ka samu aikin nan na sayar da lambun."