Gyaren Fadama da Gyaren Tudu

Kai da kake kaɗa mini takardar shaidarka a fuska, ninke ta ka sa aljihu tukuna. Ni ban zauna aji ba, amma na zauna duniya, kuma ga abin da ya faru a wata kwalejin aikin gona. An yi wani ɗalibi a can, ƙwaƙwalwa kamar reza, harshe kuwa ya fi rezar kaifi. Malamarsu ta raba su rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya kamo gyare daga wuri biyu, su naɗi kukansu a waya, su zuba a kwamfuta su kwatanta. Ita kwamfutar zana kukan take yi kamar haƙoran zarto, ta kuma ƙirga sau nawa gyare ya yi ƙara a minti ɗaya. Rukunin da aikinsa ya fi kyau shi zai yi bayani gaban manyan malamai ranar baje kolin makaranta, ɗalibin nan kuwa ya riga ya ga kansa riƙe da lasifika. Suka kamo wasu a fadama, cikin ciyawar bakin rijiyar ban-ruwa, wasu a tudu, ƙarƙashin duwatsu, suka zuba a kwalabe biyu masu hudajjen murfi. Don kada kukan ya gauraya sai ɗalibin ya raba musu masauki. 'Yan fadama ya ajiye a ɗakin kwamfuta, inda na'urar sanyi ke busawa ba hutu. 'Yan tudu ya kai ɗakin ajiyar kaya mai rufin kwano, inda ko ƙwai ka manta sai ka tarar ya dahu. Kwana biyar ana naɗa. Da aka zuba a kwamfuta, sai ga haƙoran 'yan tudu a cunkushe, na 'yan fadama kuwa giɓi ne tsakaninsu har akuya ta wuce. Ɗalibi ya daki tebur, ya ce ya gano abin da ba wanda ya taɓa lura da shi: iri biyu ne daban, mai sauri da mai nawa.

To akwai wani dattijo mai sharar ɗakin, wanda ya shekara talatin yana noman rani kafin gwiwa ta kore shi daga fadama. Ya jingine tsintsiya, ya kasa kunne ga kwalbar 'yan fadama, ya ce, "Ɗana, waɗannan sanyi suke ji. Gyare in ya ji sanyi jan kuka yake yi. Haɗa su ɗaki ɗaya ka sake saurara." Ya fara faɗin yadda su a da, da kukan gyare suke gane sanyin alkama ya sauka, amma bai kai ƙarshe ba. Ɗalibi ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Baba, nan da kwamfuta ake aiki, ba da kunne ba. Ga ƙarƙashin teburin can ba a share ba." Abokansa suka kwashe da dariya. Dattijo ya ɗauki tsintsiyarsa, ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya share ƙarƙashin teburin tas.

Aka zaɓi rukuninsu, domin zanen ya yi kyau, kuma ɗalibin bai rubuta inda ya ajiye kwalaben ba, tunda bai ga abin rubutawa a ciki ba. Da ya tsaya ga abin da ya naɗa, da wataƙila ya sha tafi ya wuce. Amma ɗan Adam da son a sani! Ya ce sai manya sun ji da kunnensu. Tun hantsi ya jera kwalaben biyu a tebur ɗaya cikin zauren taro, ya lulluɓe su da baƙin ƙyalle don gyaren su zaci duhu ya yi. Suka wuni suna shan zafi iri ɗaya. Da la'asar zaure ya cika, ya yi bayani da murya kamar mai huɗuba, sannan ya kara waya a kwalbar tudu. Haƙora suka fito a babban allo, a cunkushe. Ya yi murmushi, ya kara a ta fadama. Haƙora suka fito, a cunkushe, kamar an tsaga kara. Ya sake, haka. Ya dudduba wayar, ya girgiza kwalbar, gumi yana bin ƙeyarsa yana shiga wuyan riga. Malamar ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi, a gaban kowa: a ina ya ajiye kowace kwalba sa'ad da yake naɗa? Yana buɗe baki zai amsa, ya ji maganar dattijo ta dawo masa kalma-kalma, har da ta ƙarƙashin tebur. Ya ɗaga kai, sai ga dattijon can ƙarshen zaure yana rungume da kujerun roba. Da dattijon ya yi dariya, da abin ya zo da sauƙi. Bai yi ba. Kawar da kai ya yi, kamar wanda ya ga babba ya yi tuntuɓe a kasuwa, kuma wannan kawar da kan ya fi wa ɗalibi ciwo a kan shirun zauren duka.

Washegari ɗalibi ya riga abokansa zuwa, ya tarar da dattijo yana shara, ya rusuna ya gaishe shi. Dattijo ya nuna masa kwalaben da baki ya ce a mayar da bayin Allah ciyawarsu, sun gama koyarwa. To kai ma mai takarda, in wanda ya daɗe a abu ya yi maka magana, kada ka duba abin da ke hannunsa, tsintsiya ce ko alƙalami. Hausawa sun riga sun gama magana: in an ƙi ji, ba a ƙi gani ba.