Yatsun Mai Walda

Mai walda ya shigo ofishin tantance 'yan kwangila, hannuwansa cikin aljihu. Ya samu aikin ƙofofin wata ma'ajiyar mai, amma ba mai shiga wurin sai an ɗauki hoton yatsunsa. Mai ɗaukar kuwa ita ce budurwarsa, wadda aka sa musu ranar aure.

"Malam, kawo hannu," ta ce, tana ɓoye murmushi.

Ya zaro hannuwan daga aljihu ya miƙa. Murmushin ya ɗauke. Kan yatsun nan goma duk sun ƙone, fata ta saluɓe.

"Tsautsayin aiki ne," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Tsautsayin ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya?"

Ta damƙi babban yatsansa ta danna a gilashin na'urar ɗaukar hoton yatsu. Ya ƙwalla ƙara ya zabura, kujera ta kife, jini ya ɓata gilashin.

"Na'urar za ta tona zamana a gidan yari, shi ya sa na ƙona su," ya ce yana haki. "Kin san na taɓa fasa wa mutum kai. In Babanki ya ji, ya hana ni ke."

Ta wanke shi da mari.

"Baba ya sani tun kafin a sa rana! Ni na faɗa masa, na tsaya maka. Mai tsohon laifi ana sauraronsa a nan. Mai ɓoyewa ake kora."

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a tebur.

Ya kai hannu zai ɗauka. Yatsun suka kasa.