Uba Shida a Minti Uku

Kai da kake ƙorafin ka yi wa mutanenka bayani har bakinka ya bushe amma aiki ya fito a karkace, gyara zama ka ji.

An yi wata ɗaliba a makarantar koyon zane, 'yar Yawuri, da aka ɗora wa jagorancin fim ɗin kammala karatu. Irin fim ɗin nan ne na zane mai motsi, wanda sai an zana hoto goma sha biyu kafin a sami daƙiƙa ɗaya tak. Minti uku aka ba su, ita da abokan karatunta shida. Tun kafin malami ya rufe baki ta san wanda za ta zana: mahaifinta, mai fiton mutane a kwale-kwale, wanda ya rasu tana 'yar shekara tara bai bar ko hoto ɗaya ba. So take ya sake saukowa bakin kogi da sassafe, ko sau ɗaya ne, mahaifiyarta ta gan shi. Har ta aika wa tsohuwar cewa ta shirya zuwa ranar kallo.

To, yarinyar nan Allah ya ba ta baki. In ta fara ba su labarinsa sai aji ya yi tsit. Ta ce ruwa yakan yi tururi da safe kamar an buɗe tukunya, balbelu na tashi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ratsowa ta cikin ciyawa da gora a kafaɗa, a natse, tafiyar mutumin da kogi ya sani. Su shidan sai su lumshe ido, kowa ya rantse ya gan shi. Da ɗayansu ya ce ta ɗan taka musu yadda yake tafiya, sai ta haɗe rai. Marigayin yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Ita ta kwaikwayi ɗingishin ubanta a gaban mutane, yana kwance a kabari? Allah ya kiyaye! Ta raba musu aiki, kowa rabin minti, ta ce ai sun ji komai.

Wata biyu suna duƙe a kan takarda, yatsu duk baƙin fensir. Ranar da aka haɗa zanen a kwamfuta aka kunna, wayyo! Kogi ya fito, balbelu sun tashi, amma mutumin da ya ratso ciyawa dogo ne siriri, kafin ya wuce giginya ya koma gajere mai tumbi, ya tsiro gemu, gemun ya ɓace, can kuma ya ɗau sauri kamar wanda mota za ta bari. Ashe kowa da ya ji "uba", nasa ya zana. Uba shida suka sauka bakin ruwa, babu nata a ciki. Kuma ba wanda ya cuce ta, abin da kunne ya ba su suka sa a takarda. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, ga ranar kallo saura sati uku.

Washegari ta fito da su filin bayan aji, ta yi wa mahaifinta addu'a, ta saɓa gorar share yanar gizo a kafaɗa. Da farko kunya ta riƙe mata ƙafa. Can sai kafaɗar dama ta sauka da kanta, ƙafar hagu ta fara jan ƙasa kaɗan kaɗan, kai ya karkata kamar mai sauraron ruwa. Ita kanta ba ta san tana riƙe da wannan tafiya ba. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, hawaye na bin kumatunta, su shida suna zaune a ƙasa, ba ka jin komai sai sautin fensir. Suka bar kogin da tsuntsayen yadda suke, suka sake zana mutumin kaɗai, ta baya, don fuskar ma ta daɗe da ɓace mata.

Ranar kallo tsohuwar ta zauna a layin gaba, a takure, ba ta taɓa shiga irin wannan zaure ba. Haske ya hau bango, ruwa ya yi tururi, mutum ya ratso ciyawa ya nufi kwale-kwale. Bai yi taku biyar ba ta ja mayafi ta rufe kanta, ta ɗan rusuna a kan kujera, ta ce a hankali, "Malam, a dawo lafiya."

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.