Notunan da Baba Ya Ɗaure

Tun da mahaifinsu ya rasu tsohuwar motarsa take ajiye a bayan gareji, har kaji sun mayar da ita ɗakin kwana. Babban ɗansa, wanda bakanike ne kamar mahaifin, ya rantse sai ya tashe ta, domin mahaifiyarsu ta ce burinta ta sake zama a cikinta ko sau ɗaya ne.

Mutumin ya iya aiki, wannan ba a ja. Sai dai yana da ciwon nan na masu son tsofaffin motoci: komai sai na asali. Ko madubi ka ce a sauya, sai ya yi maka kallon wanda ya zagi mamacin.

Ranar haɗa ƙafar baya, shi da ƙanensa da suke sana'ar tare suka ɗora sifirin, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota, suka saita shokazoba mai rage girgiza. Saura lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure sifirin a jikin aksul, sandar da ke riƙe tayoyin baya, da notunansu. Ƙanen ya kankare ɗaya da farce, tsatsa ta zubo.

"Yaya, waɗannan fa sun gama yawo. Dubi zaren, duk ya cinye. Mu sa sababbi."

"Hannun Baba ne ya ɗaure su. Na kasuwa za ka sa wa motar Baba?"

"A ƙarƙashin mota fa suke, wa zai gani?"

"Ni zan gani. Miƙo min sifana."

Yayan ya wanke su da fetur, ya fesa musu baƙin fenti, suka fito fes. Yana ɗaure noti na ƙarshe ya ji ya yi laushi a hannunsa. Ya ji sarai, amma ya bar shi a haka don kada ƙanensa ya yi masa dariya.

Da motar ta tashi, tsohuwa ta ci ado ta shiga baya, gefen da ta saba zama. Ta shafa kujera tana murmushi.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Ja mu a hankali yadda babanka yake yi."

A hankali kuwa ya ja. Amma suna hawa babban titi tayar baya ta faɗa rami, wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashinsu. Aksul ya goce, bayan motar ya juya, ta ƙwace masa ta daki bakin gada. Shi ya fito da ƙwarzane a goshi. Mahaifiyarsa kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Har yau ƙanen bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Wannan shirun shi ya fi cin sa. Da ya ɗauki sifana sai ya ajiye ya fita yana share hawaye.

Jama'a, son kayan gado ba laifi ba ne, amma ƙarfen da ya ruɓe a sauya shi, ko wa ya ɗaure shi. Kuma in hannunka ya ji abu bai yi daidai ba, ka kwance ka gyara, kada jin kunya ya sa ka ɗora rayukan mutane a kai.