Babban Yatsan Alasan

Malam Tambaya, mai kula da bayanan ɗalibai, yana ɓare gyaɗa a gaban kwamfuta lokacin da Alasan ya shigo ofis, taɓo har idon sawu, ƙotar fartanya a hannunsa. Daga gonar tumatir da ke bayan katanga ya fito, inda ya baro mahaifiyarsa Kulu tana tsinka.

Babu wanda bai san Alasan ba a wannan ƙaramar kwalejin noma ta hanyar Bunkure. Shi ya zo na ɗaya a shekararsa ta farko. Bara ɗan'uwansa ya nutse a babbar magudanar ruwa ta wajen Kura, sai Alasan ya ɗauki hutu, bai sake zama a aji ba. Da ya dawo, magana ta yi masa wuya, ko abokansa ya hango sai ya canza hanya. Abu ɗaya ya nema: a mayar da shi wata kwaleji a cikin birni.

"Malam, takarduna na zo karɓa. Zan kai da kaina."

"An daina wannan, Alasan. Ta kwamfuta muke turawa yanzu. Maki, hoto, har zanen yatsan da muka ɗauka ranar rajista. Kana zuwa can ka ɗora babban yatsa, sun karɓe ka."

"A ambulan nake so, Malam. Kamar yadda ake yi da."

"Da ai a hanya ake gyara maki. Kai da ka fi kowa, me za ka gyara?"

Malam Tambaya ya juya ga allon kwamfuta yana neman sunansa. Bai ga tahowar ƙotar ba. A ƙeya ta same shi, ya kifa kan tebur, gyaɗa ta watse, jini ya bi bayan wuyansa ya shiga riga.

Alasan ya koma kan kwamfutar. Bugu uku allon ya tarwatse. Ya fizgo akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, ya maka shi da bango, ya bi shi da ƙota har sai da hanjinsa suka fito. Ɗanbaba maigadi ya shigo da gudu ya rungumo shi ta baya. Alasan ya kai masa gwiwar hannu a baki, ya juyo ya sauke masa ƙotar a dantse. Har waje aka ji ƙarar ƙashin.

Malam Tambaya ya ɗago da kyar, ido ɗaya ya rufe da jini.

"Ka yi aikin banza," ya ce. "Tun da safe na tura. Shaidar karɓa ce kawai zan nuna maka."

Alasan ya tsaya cak. Ƙotar ta sulale daga hannunsa.

Kafin ya kai ƙofa ɗalibai sun cika barandar. Suka ja shi a ƙasa har filin taro. Wani ya zo da itace, wani da bel, masu kwasar albasa suka tsallako katanga da duwatsu. Bai kare kansa ba, bai roƙi kowa ba. Hannunsa na dama kawai ya dunƙule ya cusa ƙarƙashin cikinsa. Goshinsa ya fashe, haƙori ya faɗo cikin ƙasa. Wani ya ce a kawo taya.

A lokacin ne Kulu ta keto taron, ba mayafi, ruwan tumatir a hannuwanta. Ta faɗa a kansa, dutse ya same ta a kafaɗa, ba ta motsa ba.

"Ku bar min shi, don girman Allah. Ni na sa shi. Ɗaya ruwa ya tafi da shi, karatunsa kaɗai ya bar mana." Ta tallabo fuskarsa tana share jinin da zaninta. "Buɗe ido, Usaini. Buɗe ido ka dube ni."

Duwatsu suka fara faɗuwa daga hannaye. Rabin mutanen da ke tsaye a wurin sun bi sahu bara, ranar da aka sallaci gawar da aka ce musu ta Usaini ce, abokin tagwaicin Alasan.