Hannu Mai Sanyi

"Lokaci ya ƙare, 'yata," na ce da ɗalibar, ƙafafuna na zugi.

Sabuwar doka ta hana ɗaliban jinya taɓa majinyaci sai sun ci jarrabawa a kan mutum-mutumin roba. Ita kuwa 'yar masu tsinkar 'ya'yan kofi daga garin Cobán, faɗuwarta ta uku ke nan, kuma ba a ba da dama ta huɗu.

"Malama, hannuna ne da sanyi, na tsaya ɗumama shi."

"Ke, roba ce fa! Ina ruwanta da sanyi?"

"Na sani. Hannun ne ya saba."

To, ya zan yi? Na rubuta ta faɗi. Sannan na karɓi lambar wayarta, don wata mai zuwa za a yi mini tiyata, ni kuwa ba roba ba ce.