Trotro Biyar, Babura Bakwai

Ɗalibar ta ajiye kular abinci a gefen tebur, ta zauna a kan 'yar kujerar da ta yi mata ƙasa. Da ƙurar alli a bakin hijabinta tun kafin a fara darasi.

Malam Sharfuddeen bai juyo ba. Yana rubutu a tsohon allon da ya jingina da bango, wanda ya zo da shi gida ranar da ya yi ritaya daga koyar da lissafi a wata makaranta a Kotobabi.

Tun rasuwar matarsa, unguwar Maamobi ta daina ganinsa. Ya rufe kansa a ɗakin nan na ƙarshen gida. Duk wanda ya leƙo sai ya kore shi. Abincin da aka tura masa yakan dawo a rufe yadda aka kai. Ɗalibi kaɗai yake buɗe wa ƙofa, kuma abin da ɗalibi ya kawo kaɗai yake ci, domin a ganinsa ladabi ne da bai kamata a mayar ba.

Yana da ƙa'ida guda da ya yi shekaru a kanta. Ba ya riƙe wanda ya riga ya iya. Ranar da ɗalibi ya warware lissafi daidai, ranar zai sallame shi. Malam yakan manta inda ya ajiye tabarau, yakan manta ko ya yi La'asar, amma fuskar wanda ya sallama ba ta ɓace masa.

"A tashar Nima akwai motocin haya na trotro da babura, duka sha biyu," in ji shi. "Tayoyinsu talatin da huɗu. Trotro ita ce x, babur shi ne y. Rubuta."

Ta rubuta layi na farko: x da y sun ba da sha biyu. Ta rubuta na biyu: x huɗu da y biyu sun ba da talatin da huɗu. Sannan ta buɗe kular ta tura gabansa. Tuwo zafi da miyar ayoyo, ba yaji sosai.

Haka suke yi kullum bayan La'asar. Takan ninka layi na farko da biyu, sai a wajen ɗebewa ta ɓata. Wata rana ta haɗa maimakon ta ɗebe. Wata rana ta bar y a tsakiya. Malam ya yi tsaki, ya kai loma, ya sake bayani. Kafin ya gama faɗa, kular ta zama fanko.

Yau ya kai loma biyu kacal, ya tsaya yana kallon yatsunta.

"Kin riƙe biro kamar 'yata Rahinatu," ya ce. "Ita ba ta taɓa wahalar da ni ba. Tana shekara goma take warware irin wannan a ka."

Ɗalibar ta sunkuyar da kai.

"Na kai ta jami'a. Ta zama malama, an ce har shugabar sashe. To, tun da aka binne uwarta ban sake ganin ƙeyarta ba. Ko sallama a bakin ƙofa." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Kullum ina jin takun mutane a tsakar gida, in ce ita ce. Ban san abin da na yi mata ba."

Idanunta suka cika har takardar ta koma hazo. Tana ta ƙoƙarin kada kafaɗunta su motsa, ta manta da hannunta. Hannun kuwa ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Ya ninka, ya ɗebe, y ta fita, x biyu suka ba da goma. Ya raba, ya mayar da biyar cikin layi na farko.

Sai da Malam ya zare takardar ta farga.

Ya matsa da ita kusa da taga. Ya gwada amsar a layi na biyu, leɓɓansa na motsi. Ashirin da sha huɗu, talatin da huɗu ke nan. Fuskarsa ta washe irin yadda ba ta washe ba cikin watanni.

"Trotro biyar, babura bakwai. Kin gama, yarinya."

"Malam, cinka na yi."

"Cinke ba ya bin hanya layi-layi haka."

"Don Allah a ba ni wani. Zan faɗi, wallahi ban gane ba tukuna."

"Ba za ki faɗi ba. Ba na ɓata wa mai ilimi lokaci." Ya rufe kular da rabin tuwon a ciki, ya miƙa mata da hannu biyu. "Ki gaida iyayenki. Ki ce musu sun yi dace da 'ya. Allah ya sa ki tuna da su idan kin girma."

Ta durƙusa ta karɓa. Ya raka ta bakin ƙofa, ya ƙare wa fuskarta kallo sosai don kada ya manta, sannan ta ji ƙarar sakata a bayanta.

A tsakar gida Mas'udu na zaune a kan benci. Shi ne autan Malam, ko da yake uban ya jima yana kiransa "wancan ɗan hayan". Ya miƙe, ya karɓi kular, ya ji nauyinta.

"Bai cinye ba?"

"Ya sallame ni," ta ce. "Na ci lissafin."

Mas'udu ya dubi rufaffiyar ƙofar, sannan ya dawo da idonsa kanta.

"Yaya Rahinatu, to gobe wa zai ba Baba abinci?"